Daga Garki Zuwa Birnin Kudu: Zane, Amo Da Harshen Kwamfuta

Idan aka ambaci Garki a yau, hankalin yawancin 'yan Nijeriya kan tafi unguwar nan ta Abuja mai ofisoshi da faffaɗan tituna. Amma a wajen masana zazzaɓin cizon sauro, daga Janeba har zuwa Landan, Garki guda ɗaya ce, wato ta Jihar Jigawa, ƙaramar hukumar da ke cikin masarautar Ringim tare da Taura da Babura. Sunanta yana cikin littattafan da ake koyar da likitoci da masana lissafi a jami'o'in da mutanen garin ba su taɓa jin labarinsu ba. Wannan Garkin na ziyarta a kakar da ta wuce, bisa gayyatar wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata makarantar sakandare ta yankin.

Daga Ringim aka nufi arewa, ƙasar sai ta buɗe, ta zama shimfiɗaɗɗen rairayi irin wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi. An riga an girbe gero, dammuna na jibge a bakin gonaki, riɗi kuwa an yanke an jingina shi tsaye yana jiran ya bushe a kakkaɓe. Nan da can jan zoɓo yana ɗaukar ido. Gawo, wanda ya yi damina tsirara kamar yadda ya saba, ya fara fitar da ganye a daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu. Babu wani abu a wannan hanya da zai nuna wa baƙo cewa an taɓa ƙirga sauron wannan ƙasa da jinin mutanenta da ƙididdigar da ba kasafai aka yi irinta a Afirka ba.

Tsakanin 1969 da 1976, lokacin Garki tana cikin tsohuwar Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da wani gagarumin bincike a ƙauyukan wannan yanki. Tambayar da aka zo da ita mai sauƙin faɗa ce: shin za a iya katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a irin wannan ƙasa idan aka haɗa feshin magani a ɗakuna da raba wa kowa ƙwayoyi? Aka fesa maganin propoxur a bangon ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka ƙara da raba ƙwayoyin sulfalene da pyrimethamine. Duk bayan mako 10 ma'aikata na zagayowa su tsaga yatsa su ɗebi jini su duba a madubin likita. Da dare wasu na zaune suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum, a ƙirga shi, a feɗe shi. Sunayen ƙauyuka irin su Sugungum da Rafin Marke haka suka shiga rahotannin duniya. Cutar ta ragu ƙwarai a lokacin aikin, mutuwar jarirai ma ta ragu a ƙauyukan da aka ba magani, amma ba a katse yaɗuwar ba, kuma da aka janye hannu sai ta koma gidan jiya. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita, don haka feshin bai same shi ba. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara sakamakon a littafin da hukumar ta buga a 1980.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi shi ne wani reshe nasa da ba a cika ambata ba a wajenmu. A 1974 Klaus Dietz da Molineaux da A. Thomas suka wallafa wani tsarin lissafi da ya kasa mutanen gari kashi 7, gwargwadon ko suna ɗauke da cutar, ko suna iya yaɗa ta, ko jikinsu ya fara sabawa da ita. Aka ɗora wa kwamfuta wannan lissafi tana bin sa mataki mataki, tana hasashen yadda cutar za ta hau da damina ta sauka da rani, sannan a gwada hasashen da abin da aka gani a ƙauyukan. Har yau masu bincike a ƙasashen waje suna auna sababbin lissafe-lissafensu da bayanan Garki. Ba na cikin masu kiran wannan aiki sata, domin mutane sun amfana, duniya ma ta ƙaru. Sai dai rabon aikin ya tsaya mini a rai: Garki ta ba da jini da sauro da haƙurin zama a layi, umarnin da aka ba kwamfuta kuwa wasu ne suka rubuta shi. Shekara 50 ke nan, kuma rabon bai sauya sosai ba. Jikokin waɗanda aka tsaga wa yatsa suna riƙe da wayoyin da suka fi kwamfutocin wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya ba wayar umarnin da wani bai riga ya shirya musu ba.

Na shafe shekaru ina koyar da darasin farko na rubuta manhaja ga ɗaliban ajin farko, kuma na san inda gizo ke saƙar. Ɗalibi ya zo daga gari irin Garki, karon farko da ya daɗe a gaban kwamfuta shi ne ranar jarrabawar shiga jami'a. Sai mu tarbe shi da allo da alli, mu ce ya rubuta umarnin da zai fitar da matsakaicin lambobi uku, ko ya lissafa kuɗin ruwan da banki zai caja. Yakan rubuta a takarda, ya haddace kamar karatun allo, ya zuba a ranar jarrabawa, ya wuce. Bai ga komai ya motsa ba, bai ji komai ya yi ƙara ba. Idan ya yi kuskure, jan biron malami ne zai gaya masa, bayan mako biyu. A haka muke rasa yara masu kaifin basira, su fita da yaƙinin cewa wannan ilimi na wasu irin mutane ne daban.

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma wasu sun daɗe da neman bakin zarenta. Tun 1967 Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokan aikinsa a Amurka suka fito da harshen Logo, wanda daga baya ya shahara da ɗan kunkurun da yaro ke ba umarni: yi gaba taku kaza, juya dama, maimaita sau huɗu, sai ga murabba'i ya bayyana. A 2001 Casey Reas da Ben Fry na cibiyar MIT suka ƙirƙiro Processing domin masu zane su koyi rubuta manhaja ta hanyar zanen kansa. A 2003 Mark Guzdial ya buɗe wani kwas a Georgia Tech ga ɗaliban da ba kwamfuta suka zo karanta ba, inda darasin farko yake sarrafa hoto da sauti, kuma yawan masu faɗuwa da masu janyewa ya ragu sosai. Scratch ya biyo baya a 2007 domin yara, sannan Sam Aaron na Jami'ar Kambirij ya samar da Sonic Pi, wanda ake rubuta layukan umarni a ji sun zama kiɗa nan take. Processing da Scratch da Sonic Pi duka kyauta ne, kuma da zarar an sauke su suna aiki ba tare da intanet ba.

Sirrin haɗa zane da sauti da rubutun manhaja a kwas ɗaya shi ne, a cikin kwamfuta dukansu lamba ne. Hoton da ke fuskar waya ɗigo-ɗigo ne jere a layi, kowane ɗigo kuma lambobi uku ne ke riƙe da launinsa, na ja da na kore da na shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Sauti kuwa kaɗawar iska ce: idan abu ya kaɗa sau 440 a daƙiƙa ɗaya kunne zai ji wani amo, idan aka ninka zuwa 880 sai ya ji amon nan dai amma ya hau sama. Faifan CD yana adana sauti ne ta hanyar auna shi sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ɗalibin da ya rage lambar ja da hannunsa ya ga fuskarsa ta sauya launi, ko ya juya jerin lambobin muryarsa ya ji kansa yana magana da baya, ya fahimci abin da laccar awa uku ba za ta sa ya fahimta ba. Kuskurensa kuma ba ya jiran jan biro, idonsa da kunnensa ne za su kama shi.

Abin da na gani a Garki shi ne, rabin wannan kwas ɗin yana nan a ƙasa, ba a dai ba shi suna ba. A wata inuwa kusa da kasuwa na zauna wajen wani dattijo mai ɗinkin hula. Ba ya kallon wani zane a takarda, allura kawai ke shiga tana fita. Na ce, "Baba, yaya ake yi gidan ƙarshe ya haɗu da na farko ba tare da an sami gurbi ba?" Ya dube ni kamar mai mamakin a ce malamin jami'a bai san wannan ba, ya ce, "Malam, ai ƙirga ne. Tun kafin ka sa allura ka san gida nawa za su zagaye kan. In ka ɓata ɗaya a farko, a ƙeya za ka gan shi." Abin da ya faɗa shi ne abin da nake shan wahalar cusa wa ɗalibai a mako na huɗu: aiki ɗaya ƙarami, a maimaita shi sau adadi sananne, kuma kuskuren farko ba ya ɓacewa, tafiya yake yi har ya fito a wani wuri.

A gidan mai masaukina kuwa mahaifiyarsa na saƙa faifai. Daga cibiya take farawa tana zagayawa, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, don haka dole tsawon kowane launi ya riƙa ƙaruwa daidai gwargwado, in ba haka ba zanen ya karkace. Mai rubuta manhaja zai ce maimaici ne mai ɗauke da lambar da ke girma a kowane zagaye. Ita ba ta ce komai ba, hira take da jikokinta hannunta na aiki. Haka lamarin yake ga aska takwas a gaban babbar riga, da dagi a bangon soro, da zanen ƙwarya, da lallen amare. Ba a banza ba ne tarihin kwamfuta kansa ya bi ta masaƙa: a farkon ƙarni na 19 Joseph-Marie Jacquard na Faransa ya yi amfani da katuna masu huji wajen gaya wa injin saƙa zanen da zai fitar, kuma irin waɗannan katuna ne Charles Babbage ya tsara amfani da su a injin lissafinsa. Mu ma muna da namu magabacin. Muhammad bn Muhammad al-Fullani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin cika hatimin lissafi mai gidaje mara, irin wanda idan aka jera 1 zuwa 9 a gida tara kowane layi zai ba da 15. Hanyar da ake bi mataki mataki a kai ga sakamako, ko da wa ya bi ta, ita ce dai ake kira algoridim, kalmar da ita ma daga sunan al-Khwarizmi aka samo ta.

Ɓangaren sauti ya fi wannan kusa da mu, domin a bakinmu yake. Hausa harshe ne mai karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha haruffansu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse igiyoyin a hammata fata ta ɗaure amo ya hau, ya sassauta amo ya sauka, mahauci ko ɗan dambe ya ji takensa daga nesa ya gane da shi ake. Ɗalibin da aka ce ya rubuta umarnin da zai sa kwamfuta ta furta karin sunan garinsu da amo biyu kacal, ya shiga ilimin sauti da na harshe da na manhaja a zama ɗaya. Karin rubutacciyar waƙar Hausa ma, da gaɓoɓinsa masu nauyi da marasa nauyi, jeri ne na abu biyu da ke maimaituwa bisa ƙa'ida.

Matasan Garki ba baƙin na'ura ba ne. A shagon cajin waya na tarar da samari suna tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a katin waya, ɗaya kuma yana haɗa hoton ango da amarya domin kalandar biki, da saurin hannun da ya ba ni sha'awa. Waƙoƙin da suke turawa yawancinsu a ɗakunan haɗa sauti na Kano aka yi su, da fiyanon Yamaha da manhajoji irin su FL Studio. Sai dai duk wannan ƙwarewa a cikin gidan da wani ya gina ake yin ta. Abin da mai manhajar ya tanada shi za a zaɓa, abin da bai tanada ba a haƙura, ko a nemi amon da ya yi kama da goge ko kalangu a lallaɓa da shi. Tazarar da ke tsakanin wannan saurayi da mai iya gina nasa kayan aikin ba ta kai yadda ake zato ba.

Daga Garki na gangara kudu, na tsallake kogin Haɗeja, na isa Dutse, inda ƙasar ke sauya kama, manyan duwatsu su taso a tsakanin itatuwan dabino. Wanda ya je unguwar Garu ya ga adon launuka a bangon gidan Sarkin Dutse ba ya buƙatar a gaya masa cewa mutanen wannan ƙasa sun san daidaito da maimaici. Amma Birnin Kudu, can gaba, ita ce ta fi ba ni abin tunani. A duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin dutse, kuma a kusa da su akwai duwatsun da idan aka ƙwanƙwasa suke ƙara kamar ƙarfe, kowanne da nasa amon. Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wuraren da aka sha bugu sun lotsa sun yi santsi saboda yawan hannuwan da suka bi ta kansu. Mutanen da suka yi wannan aiki sun ajiye zane da amo a wuri ɗaya. Mu ne muka zo muka raba su tsangaya-tsangaya, mai zane a wani gini, mai lissafi a wani, ba mai shiga ajin wani.

Jigawa ba sabuwar shiga ba ce a harkar fasahar sadarwa. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure, a lokacin da jihohi da yawa ba su farga ba. Yanzu ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da ta biyo baya a 2013. Ƙofar doka ma a buɗe take, domin sabon tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da muhallinta. A ganina kwas na zango ɗaya, buɗaɗɗe ga ɗan ajin farko ko Hausa ya zo karanta ko aikin gona ko lissafi, wanda malamin kwamfuta da na harshe da na zane za su koyar tare, yana cikin abubuwan da suka fi cancantar wannan gurbi. Idan malaman sakandare suka bi ta cikinsa, shi ne zai isa Garki.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a Garkin. Wani malami ya ce, "Dakta, iyaye za su ce mun mai da makaranta gidan kiɗa." Maganarsa tana da nauyi, kuma ba a tsallake ta da raini. Sai dai sauti ya fi kiɗa faɗi: akwai karin magana, da luguden mata a turmi, da kukan kurciya, da ƙarar injin niƙa, kowanne ana iya naɗarsa a waya a auna shi. Zanen da muka gada kuwa, na hula da faifai da bango, yawancinsa siffofin lissafi ne. Malamin da ya san mutanensa zai iya koyar da kwas ɗin gaba ɗaya ba tare da ya taka abin da iyaye ke gudu ba. Maganar wuta ta fi wannan wuya. Amma makonnin farko ba sa buƙatar ta: ɗalibi ɗaya ya rubuta umarnin zanen hula a takarda, wani ya bi umarnin a takarda mai gida-gida ba tare da ya ga hular ba, a kwatanta abin da ya fito. Bayan haka tsofaffin kwamfutoci goma da farantin sola za su ɗauki aji, biyu-biyu ko uku-uku. Masu cewa wannan wasa ne, ba ya kai mutum ga aiki, su duba masu tsara fuskar manhajojin banki, da masu haɗa sautin finafinai, da masu mayar da alƙaluman lafiya taswirar da kwamishina zai gane cikin minti ɗaya.

Da ni ne zan tsara makon ƙarshe na wannan kwas, littafin 1980 zan ɗauko. A ba ɗalibai alƙaluman ƙauye ɗaya, a ce Sugungum, yawan sauro da yawan masu ɗauke da cutar daga zagaye zuwa zagaye. Rukuni ɗaya ya mayar da su zanen faifai, kowane zagayen ɗibar jini ya zama zagayen saƙa ɗaya, launi na ƙara duhu idan cuta ta yi yawa. Rukuni na biyu ya mayar da su amo, ya hau da damina ya sauka da rani, a ji inda feshi da ƙwayoyi suka danne shi, a kuma ji inda ya sake tasowa bayan an janye. Sannan a kai aikin ƙauyen a nuna shi a ƙofar gidan mai gari, domin cikin dattawan da za su zauna kallo akwai waɗanda suna yara aka tsaga musu yatsa.